Bai Tambaye Ni Ba

Wata ranar Lahadi, bayan an tashi daga sujada, wani ɗan'uwa ya tsaya a ƙofar majami'a har mutane suka watse. Mutum ne mai himma, ba ya fashin taron addu'a, ba mu kuwa taɓa jin an kai ƙararsa ko'ina ba. Ya ce yana da magana da mu da dattawa. Da muka zauna a inuwa sai ya ce, "Pasto, mako uku ke nan ba na samun barci. Na kai san huɗana kara na sayar, na biya kuɗin makarantar yara, na kuma biya bashin asibiti. Amma san nan yana da ciwo. In ya ja garma kunya huɗu ko biyar, rana ta soma zafi, sai ya kwanta, ko an buge shi ba ya tashi. Wanda ya saya ya duba haƙoransa, ya duba kofatonsa, ya taya, na sallama. Ban yi masa ƙarya ko guda ba. Bai tambaye ni ba, ni kuwa ban faɗa ba. To, ina laifina? In kuwa ba ni da laifi, me ya hana ni barci?"

Nan take dattawa suka rabu biyu. Waɗansu suka ce ciniki ya riga ya faɗa, mai saye da idonsa ya zo kasuwa, a bar maganar. Waɗansu suka ce a'a, an cuci bawan Allah. Muka daɗe muna ta juya zancen har rana ta yi tsaka. Mun ga ya kamata mu kawo shi nan, gama ba a kan sa ɗaya ya tsaya ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar mudu, ko ya ɗinka wa wani riga, ko ya sayar da tsohon babur, ko ya kai kwandon tumatir bakin hanya, tambayar nan tana jiransa: in kayana suna da aibi, mai saye bai gani ba, bai kuwa tambaya ba, wajibi ne in faɗa masa?

Abin da mai kaya ke cewa

Kada mu yi saurin yanke wa mai kaya hukunci, gama yana da hujjarsa, wata ma tana da ƙarfi. Ya kan ce, "Kasuwa wurin ja-in-ja ce. Mai saye yana kushe kayana domin in rage, ni ina yabonsu domin ya ƙara. Ya taya, in ce albarka, ya ƙara, in sallama. Kowa ya san haka a ke yi, ba wanda aka ruɗa. In kuma na koma ina taya shi kushe kayana, wa zai tsaya mini?" Ya kan ƙara da cewa, "Ni ma haka aka sayar mini, ba wanda ya gaya mini kome. Don me hasarar za ta ƙare a kaina?"

A cikin wannan akwai gaskiya. Neman riba ba zunubi ba ne. Wanda ya ɗauko gishiri daga nesa, ya biya kuɗin mota, ya zauna cikin rana yini guda, ya cancanci ladan wahalarsa. Tayawa da ƙin sallamawa kuma ba ƙarya ba ne, hanya ce ta neman farashin da mutum biyu za su yarda da shi. Ba kuwa a ɗora wa mai kaya ya zama idon kowa ba. Mai saye ma an ba shi hankali, ya kamata ya yi aiki da shi.

Amma hujjar nan ta biyu, watau "ni ma haka aka yi mini," ba ta tsayuwa. In ɓarawo ya shiga ɗakinka da dare, wannan bai ba ka izinin shiga ɗakin maƙwabcinka ba. Hasara ta same ka, gaskiya ne, abin tausayi ne kuwa. Amma in ka lallaɓa ka ɗora ta a kan wani wanda bai san kome ba, ka koma gefen wanda ya cuce ka.

Tambayar ta daɗe

Ba mu ne muka fara wannan gardama ba. Wani masani na Roma mai suna Sisero ya rubuta a kanta shekara 44 kafin haihuwar Almasihu. Ya kawo misalin wani falke da ya ɗauko hatsi a jirgin ruwa daga Iskandariya zuwa tsibirin Rodusa, tsibirin nan da Manzo Bulus ya bi ta wurin daga baya. A lokacin ana yunwa a tsibirin, hatsi ya yi tsada ƙwarai. Falken ya san akwai waɗansu jirage cike da hatsi a bayansa, gama ya wuce su a hanya. Ya faɗa wa mutanen gari, farashi ya faɗi, ko ya yi shiru ya sayar da tsada? Sisero ya kawo ra'ayin malamai biyu masu jayayya da juna, sa'an nan ya yanke cewa ya kamata falken ya faɗa. A ganinsa, in ka bar mutum cikin rashin sani da gangan domin ribarka, alhali sanin zai amfane shi, shirunka ya zama ɓoyo.

Bayan shekaru fiye da dubu, wani malamin ekklesiya mai suna Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya sake duba maganar. Shi ya raba ta kashi kashi. Ya ce in aibin a fili ya ke, misali doki mai ido ɗaya, ba lalle mai shi ya yi shela ba, muddin ya rage kuɗin daidai da aibin. In kuwa aibin a ɓoye ya ke, zai kuma jawo wa mai saye hasara ko hatsari, dole a faɗa. Game da falken hatsi, ya ce adalci bai tilasta masa ya ba da labarin jiragen da ke tafe ba, amma in ya faɗa, ya nuna hali mafi kyau.

Ga shi, a kan jiragen sun saɓa. Amma a kan aibin da ke ɓoye cikin kaya bakinsu ɗaya ne. Maƙwabtanmu Musulmi ma haka malamansu su ke koyarwa: wanda ya sayi abu, daga baya ya tarar da tsohon aibin da aka rufe masa, yana da ikon mayarwa. Kalmar nan "algus" da mu ke ji kullum a kasuwa daga Larabci ta zo, ba kuwa wanda ke faɗinta da yabo. Ashe ɗan'uwanmu mai sa ba zai iya cewa wannan wata doka ce mai nauyi da aka ƙaga wa masu bi kaɗai ba. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, masu addini dabam dabam, sun iske ta a zukatansu.

Shiru iri uku

Mu a namu gani, shirun mai kaya iri uku ne.

Na fari, shiru a kan aljihunka. Ba wajibi ba ne ka faɗi nawa ka sayo kaya, ko wurin wa ka sayo, ko ribar da ka ke nema, ko matsuwar da ta sa ka ke sayarwa. Wannan naka ne. In an tambaye ka, kana iya cewa ba za ka faɗa ba. Abin da ba ka da izini shi ne ka rantse ka ce, "Ni ma haka na sayo," alhali ba haka ba ne. Rantsuwar nan ta zama ruwan dare a kasuwanninmu, har mun daina jin nauyinta, amma ƙarya ce tsagwaronta.

Na biyu, shiru a kan aibin da kowa ke gani. Tukunya mai tsagewa a baki, rigar gwanjo da ta koɗe, akuya gurguwa. Mai saye ya gani, ya rage kuɗi saboda haka, ya ɗauka da saninsa. Ba a cuci kowa ba.

Na uku, shiru a kan aibin da kai ka sani, shi kuwa ba shi da hanyar sani. A nan ne magana ta ke. Ku tuna abin da ciniki ya ke. Mai kaya ya ce, "Na sallama," mai saye ya ce, "Na saya." Yarda ce ta haɗu da yarda. To, mutumin nan na kara, da me ya yarda? Ya yarda ya ba da kuɗinsa domin san da zai yi masa huɗa. Bai taɓa yarda ya sayi san da ke kwanciya a kunya ta biyar ba. Abin da ke cikin ransa dabam, abin da aka miƙa masa igiyarsa dabam, mai sayarwa kuwa ya san da haka sarai.

Ga ma'auni mai sauƙi wanda kowa zai iya ɗauka zuwa kasuwa. Ka tambayi kanka, "Da ya san abin da na sani, zai biya kuɗin nan?" In amsar i ce, ka yi cinikinka da zuciya ɗaya. In amsar a'a ce, to, abin da ya hau bisa farashin gaskiya ba kuɗin kayanka ba ne. Rashin saninsa ka sayar masa.

Mu kuma lura, shirun nan da wuya ya zo shi kaɗai. Da muka tambayi ɗan'uwan wane lokaci ya kai san kara, sai ya sunkuyar da kai ya ce da sassafe, tun rana ba ta yi zafi ba, bayan ya hutar da shi kwana huɗu. Ashe an yi wa shirun shiri. Haka mai jera manyan tumatir a bakin kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa. Haka mai bubbuga gindin mudu ya tura shi ciki. Haka mai zuba baƙin mai mai kauri a injin babur domin ƙararsa ta kwanta na yini ɗaya, da mai yayyafa wa hatsi ruwa domin ya yi nauyi a sikeli. Ba wanda ya buɗe baki a cikinsu, amma hannu ya faɗi abin da baki ke jin kunyar faɗi.

A cikin Littafin Firistoci sura 19 akwai umarni uku da ya kamata ɗan kasuwa ya karanta tare. A nan aka hana sa wa makaho abin tuntuɓe a hanya. A nan aka umarta a yi awo da ma'aunin gaskiya. A nan kuma aka ce mutum ya ƙaunaci maƙwabcinsa kamar kansa. Mai saye wanda ba ya iya ganin cikin buhu makaho ne game da buhun nan, kome kaifin idonsa. Annabi Amos kuma ya tsauta wa 'yan kasuwan zamaninsa masu ƙosawa ranar hutu ta wuce domin su koma su rage mudu, su haɗa hatsi da shara su sayar wa matalauta. Mutanen nan suna kiyaye ranar sujada, ba su fasa ba. Abin tsoro ke nan a gare mu.

Inda shiru ke kisa

Da a kan kuɗi kaɗai abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma yawancin abin da mu ke sayarwa ciki ya ke shiga. Ku ɗauki wake. Kowane manomi ya san yadda ƙwari ke cinye shi a ajiya. Saboda haka waɗansu su kan zuba masa maganin ƙwari irin su fiya-fiya, wanda ba a yi shi domin abinci ba, su ɗaure buhu, su kai kasuwa ba su ce kome ba. Waken ya yi kyau, ba huda ko ɗaya. Uwa ta saya ta dafa wa 'ya'yanta. A shekarar 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda sun auna sun tarar da irin wannan guba ta wuce kima a cikinsa. Su suna da na'urar aunawa, suka ƙi. Matar da ke sayen mudu ɗaya a kasuwar ƙauye ba ta da na'ura, sai amanar mai awo.

Ba a rasa wata hanya ba kuwa. Akwai buhu mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka tare da masanan Afirka suka fito da shi, aka soma yaɗa shi a ƙasashenmu tun 2007. In wake ya bushe sarai, aka zuba, aka matse iska, aka ɗaure kowane ninki dabam, ƙwarin su kan mutu don rashin iska, ba tare da an sa magani ba. Ya fi buhun da aka saba tsada, amma in ba a huda ledar ba a kan sake amfani da shi.

Ku tuna kuma da abin da ya faru a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, sa'ad da wani maganin fitar haƙoran jarirai ya kashe yara fiye da 80 a Nijeriya. An haɗa shi da wani ruwa mai guba wanda ke lalata ƙoda. Iyayen nan ba su yi sakaci ba. Kwalba suka gani mai kyau, da rubutu a jikinta. Wace tambaya ce za su yi wadda za ta cece su? A nan maganar "bai tambaye ni ba" ta ke nuna kamanninta na gaskiya. Mai saye ba ya iya tambayar abin da bai san akwai shi ba.

Abin da doka ta ba mai saye

Hukuma ma ta ga haka. Tun 1993 aka kafa NAFDAC domin kula da abinci da magunguna. A farkon 2019 kuma aka sa hannu a dokar kare masu saye, wadda ta kafa hukumar da a ke kira FCCPC. Dokar nan ta ce a bayyana wa mai saye farashi da bayanin kaya cikin magana da zai fahimta. Ta ce in kaya tsofaffi ne ko gyararru, a sanar. Ta ce a ba da takardar shaidar ciniki. Ta kuma ce in kaya suka fito da aibi, mai saye yana da ikon mayarwa cikin wata uku, a gyara, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Rubutun nan da a kan manna a kanti, wai kayan da aka saya ba a mayarwa, ba ya soke wannan haƙƙi. Masu kanti a cikinmu su ji wannan da kyau.

Saboda haka, ya ku masu saye, ku yi naku. In abu mai tsada ne, ku tafi da wanda ya san shi. Ku yi tambaya a fili a gaban shaida, ku ce, "Akwai wani aibi da ka sani wanda ban gani ba?" Tambayar nan ba rashin kunya ba ce, ta kan kuma taimaki mai kaya, gama mutane da yawa da za su iya yin shiru ba za su iya yin ƙarya ido da ido ba. Ku karɓi rasit ku adana. In magani ne ko abincin gwangwani, ku duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace. Waɗansu magungunan zazzaɓin cizon sauro suna da wurin kankarewa a jikin kwali, a aika lambar ta waya a ji ko na gaskiya ne. In an cuce ku, ku fara komawa wurin mai kaya da hankali kwance, tun maganar ba ta tsufa ba. In ya ƙi, ga dillalin da ya ci la'ada, ga sarkin kasuwa ko shugabannin 'yan kasuwa, sa'an nan ga hukuma. Kada ku ce, "Na bar shi da Allah," alhali kuwa tsoro ne ko ƙyuya. Wanda ya sayar muku da jabun magani zai sayar wa na bayanku. Gafarta masa a zuciya abu ɗaya ne, barinsa ya ci gaba da cutar mutane wani abu ne dabam.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Ma'aikacin hukuma ba ya tsaye a bayan kowane mudu. A kasuwar ƙauye ba rasit, ba lamba. A can ba abin da ke tsakanin mai saye da cuta sai lamirin mai kaya.

Mai saye ma yana da nasa shirun

Kada masu saye su karanta wannan suna gyaɗa kai, suna cewa an gaya wa 'yan kasuwa gaskiya. Ma'aunin nan yana auna kowa. Gwauruwa ta kawo tunkiyarta, ba ta san farashin kara ba, ta faɗi rabin kuɗin, kai kuwa ka sani, ka yi maza ka biya. Manomi ya matsu da kaka, ka auni hatsinsa da babban mudu, da bazara ka sayar masa da ƙarami. Yarinya mai talla ta yi kuskuren canji, ta ba ka fiye da naka, ka sa a aljihu. Mai shago ya manta bai rubuta bashinka ba, ka bar shi cikin mantuwa. A cikin waɗannan duka kai ma za ka ce, "Ba a tambaye ni ba." Attaura ta hana mutum ya riƙe ma'auni biyu, babba da ƙarami. Wanda ke neman a faɗa masa gaskiya ran da ya ke saye, ya kuwa ɓoye ta ran da ya ke sayarwa, mudu biyu ya ke riƙe da su, ko da bai taɓa auna hatsi ba.

To, da me za mu ci?

Wani dattijo ya ce mana, "Pasto, maganarka daidai ce, amma kai ba ka zaman kasuwa. In na faɗi aibin kayana, na kusa da ni bai faɗi nasa ba, wurinsa za a tafi." Ba za mu ce masa ba haka ba ne. Wani lokaci haka ne. Mai gaskiya ya kan yi hasarar da maƙaryaci bai yi ba, ba kuwa za mu yi muku alkawarin cewa kullum za a mayar muku da ita kafin kasuwa ta tashi ba.

Amma a duba lissafin da kyau. Faɗin aibi ba zubar da kaya ba ne. Kowane kaya yana da mai sayensa a farashinsa. San da ba ya huɗa yana da nama, mahauci zai saya da saninsa. Tumatir da ya soma laushi a ware shi gefe, mai abincin sayarwa za ta ɗauka da rahusa ta yi miyar yau. Hatsin bara a kira shi na bara. Abin da mai gaskiya ya rasa shi ne ƙarin nan da ba nasa ba ne tun fari.

Sa'an nan ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da jarin da ya fi a sake dawowa wurinsa. Mai awon da aka san mudunta cikakke ne, a kan aiki yaro wurinta ba tare da an bi shi ba. Telan da ke mayar da ragowar yadi, shi a ke kai wa ɗinkin biki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a garin da kowa ya san kowa.

Akwai kuma abin da ya kamata mu faɗa wa juna. Yawancin masu ɓoye aibi ba mugaye ba ne, matsattsu ne. Ɗan'uwan nan bai yi niyyar cuta ba sai da kuɗin makaranta da bashin asibiti suka haɗu a kansa wata ɗaya, ba shi da ko kwabo a ajiye. Wanda ba shi da ajiya, ran da hasara ta zo, jaraba ta kan same shi a tsaye ba sanda. Saboda haka tanadi yana taimakon gaskiya. A ware wani abu da kaka tun kuɗi na hannu. A shiga adashi wurin mutanen da aka amince da su. A raba kuɗin jari da kuɗin cefane, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Mai sana'a ya sa a ransa cewa kowace shekara wani kaya zai lalace, ya riƙa cire kaɗan domin wannan rana. Ekklesiya kuma ta buɗe ido. Da ɗan'uwan nan ya iya zuwa wurinmu kafin ya tafi kara, ya ce ya matsu, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Wannan laifin namu ne, mun kuwa karɓa.

Yadda aka ƙare

Ba mu yanke masa hukunci a ranar ba. Mun tambaye shi abu ɗaya: da shi ne ya sayi san, damina ta kama, ya kai shi gona ya kwanta, me zai so a yi masa? Ya yi shiru. Sa'an nan muka tuna masa da Zakka, wanda bai tsaya ga baƙin ciki a zuciya ba, ya mayar wa mutane abin da ya ƙwace.

Ran kasuwa ya nemi dillalin, dillali ya kwatanta masa ƙauyen. Ya tafi tare da dattijo ɗaya. Suka tarar mutumin ya riga ya gane ciwon, ya sayar wa mahauta da hasara, ya kuma yi ijarar shanu ya yi huɗarsa a makare. Da ya ga mai san a ƙofar gidansa sai fuskarsa ta ɓaci. Ɗan'uwan ya durƙusa ya ce, "Malam, na san da ciwon nan tun kafin in sayar maka. Na zo neman gafara, na kuma zo mu yi lissafi." Mutumin ya daɗe yana dubansa, kana ya sa aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo ruwa.

Suka lissafta abin da ke tsakanin kuɗin da ya biya da abin da mahauta suka ba shi. Ɗan'uwan ba shi da kuɗin a hannu, gama an riga an kashe. Suka shirya zai biya kashi biyu, rabi da kakar bana, rabi da ta baɗi. Hasarar makarar huɗa kuwa mutumin ya ce ya yafe. Kashi na fari an biya da buhunan masara. Na biyu yana nan bisa wuyansa, gidansa kuwa za su ji shi a tukunya. Mun tambaye shi ko yana da-na-sani. Ya ce nauyin bashin yana nan, amma yanzu yana barci.

'Yan'uwa, ran kasuwa mai zuwa, kafin ku ɗaure kaya, ku duba abin da ke ƙasan kwando.